Kashi nawa, kuma na me? Ƙalubalen lissafin kuɗin jama'a a masarautar Daura

Tun bayan hukuncin da Kotun Ƙolin Nijeriya ta yanke ranar 11 ga watan Yulin 2024, wanda ya ce a riƙa biyan ƙananan hukumomin ƙasar 774 kasonsu kai tsaye daga asusun tarayya, muhawara ta fi karkata ne ga tambaya guda: hannun wa kuɗin zai shiga, na gwamna ko na shugaban ƙaramar hukuma?

Aiwatar da hukuncin ya yi tafiyar hawainiya, kuma an sha kai ruwa rana a kansa tsakanin gwamnatin tarayya da gwamnoni. To amma akwai wata tambayar da ba a cika yi ba, wadda za ta taso ko ta wace hanya kuɗin ya bi: idan an kashe shi, ta yaya mutumin Daura, ko Baure, ko Zango, ko Sandamu, ko Mai'aduwa zai karanta bayanin da aka ba shi, ya gane gaskiyar abin da aka yi?

Waɗannan ƙananan hukumomi biyar su ne suka haɗu suka yi masarautar Daura, daga cikin 34 da jihar Katsina take da su. Kuma kusan duk bayanin da ake yi musu game da kuɗi, da harshen kashi cikin ɗari ake yin sa: kason da ake ba su, da kason da aka ce an kashe wa ilimi ko lafiya, da matsayin da aka ce aiwatar da kasafi ya kai. Lamba ce mai sauƙin faɗi a rediyo, amma tana daga cikin lambobin da suka fi saurin ɓatar da mai sauraro, yanzu kuma har da na'urar kwamfuta.

Kason da ke fitowa daga Abuja

Tsarin rabon arzikin ƙasa da ake amfani da shi tun 2004 ya bai wa gwamnatin tarayya kashi 52.68 cikin ɗari, jihohi kashi 26.72, ƙananan hukumomi kuma kashi 20.60. Wanda ya ji haka zai ɗauka cewa a duk Naira ɗari da ta shiga aljihun ƙasa, Naira ashirin da ƴan kwabbai na ƙananan hukumomi ne.

Lissafin bai tsaya a nan ba. Kafin a zo rabon, ana cire kashi 13 cikin ɗari na kuɗin ma'adinai a bai wa jihohin da aka haƙo su, kamar yadda sashe na 162 na tsarin mulkin 1999 ya tanada. An kuma shafe shekaru hukumomin tara kuɗi na riƙe ladan tarawa, inda hukumar kwastan ke ɗaukar kashi 7, hukumar haraji ta tarayya kuma kashi 4 na abin da ta tara wanda ba na man fetur ba. Saboda haka kashi 20.60 ɗin nan, kashi ne na abin da ya saura bayan an yi waɗannan cire-cire.

Bayan haka kuma sai a raba kason tsakanin ƙananan hukumomin da wani ma'auni na daban: kashi 40 a raba daidai wa daida, kashi 30 bisa yawan jama'a, kashi 10 bisa faɗin ƙasa da yanayinta, kashi 10 bisa ayyukan jin daɗin jama'a, kashi 10 kuma bisa ƙoƙarin tara kuɗin shiga. Wannan ne ya sa abin da ke zuwa wa Daura ya sha bamban da na Sandamu ko Baure, duk da cewa masarauta ɗaya suke.

Harajin kayan masarufi, wato VAT, yana da nasa tsarin rabon. A da gwamnatin tarayya na ɗaukar kashi 15, jihohi 50, ƙananan hukumomi 35. Sabbin dokokin haraji da shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu a watan Yunin 2025 sun mayar da kason tarayya kashi 10, na jihohi 55, na ƙananan hukumomi kuma ya tsaya a 35. Ke nan takarda ɗaya ta rabon wata na iya ƙunsar kashi 20.60 da kashi 35, kowanne da tushensa, kuma duk wanda ya cakuɗa su ya ɓata lissafi.

A jihohi da dama akwai kuma tsarin ware wa majalisun sarakuna kashi 5 cikin ɗari daga kason ƙananan hukumomi. A nan ma tambayar ita ce wadda ta gabata: kashi 5 na kuɗin da ya taso daga Abuja, ko na abin da ya rage bayan an cire albashin malaman firamare da fansho? Tsakanin amsoshin biyu akwai tazara mai yawa, alhali lambar da aka rubuta ɗaya ce.

Bambancin maki da kashi

Wani misali daga zamanin marigayi shugaba Muhammadu Buhari, wanda aka binne a Daura a watan Yulin 2025, ya isa ya nuna yadda lamarin ke rikita har waɗanda suka ƙware.

A watan Afrilun 2022 hukumar rabon arzikin ƙasa ta miƙa masa shawarar sabon tsari: tarayya kashi 45.17, jihohi 29.79, ƙananan hukumomi 21.04. Mai karatu da ya ajiye 52.68 kusa da 45.17 zai ce an zabtare wa gwamnatin tarayya maki bakwai da rabi.

Sai dai lambobin biyu ba jinsi ɗaya ba ne. A cikin 52.68 akwai asusu na musamman, irin su na kare muhalli, da na bunƙasa ma'adinai, da na birnin tarayya, waɗanda jimillarsu ta kai 4.18. Ainihin kason tarayya 48.50 ne. A sabuwar shawarar an ware waɗannan asusu daban, an ba su kashi 4. Don haka ragin da aka yi wa tarayya maki 3.33 ne. Shawarar dai ba ta zama doka ba, kuma a watan Agustan 2025 hukumar ta sanar da sake duba tsarin.

Ga ƙananan hukumomi, tashi daga 20.60 zuwa 21.04 ƙarin maki 0.44 ne. Amma idan aka auna shi da abin da suke samu, ƙarin kashi biyu ne da ɗoriya cikin ɗari. Duka biyun gaskiya ne, kowanne da abin da yake aunawa.

Haka lamarin yake da harajin VAT. Lokacin da aka ɗaga shi daga kashi 5 zuwa 7.5 a watan Fabrairun 2020, ƙarin maki biyu da rabi aka yi, amma abin da mai saye ke biya a matsayin haraji ya ƙaru da rabi, wato kashi 50 cikin ɗari. A sabon rabon kuwa, maki biyar ɗin da aka ɗebe daga tarayya sulusin kasonta ne, alhali maki biyar ɗin da jihohi suka samu ƙarin kashi 10 ne kawai a kan nasu.

Mai neman kare gwamnati zai zaɓi ƙaramar lambar, mai suka kuma ya zaɓi babbar. Rahoton da bai fayyace wacce yake nufi ba, ya bar ƙofa a buɗe ga kowa.

Yadda na'ura ke karanta lamba

Muddin mutum ne ke karanta rahoto a takarda, hankalinsa na cike gurbin abin da ba a faɗa ba. Idan ya ga 7.5 a ƙarƙashin kan layin da aka rubuta haraji, ya san kashi bakwai da rabi ake nufi. Na'ura ba ta da wannan basira, kuma duniya ta daɗe da komawa ga rahotannin kuɗi da na'ura ce ke fara karanta su.

Tsarin da ya fi yaɗuwa a wannan fanni shi ne XBRL, wanda wani akanta ɗan Amurka, Charles Hoffman, ya fara aiki a kansa a 1998. Hukumar kula da hada-hadar hannayen jari ta Amurka ta fara wajabta wa kamfanoni amfani da shi a 2009. Hukumar haraji ta Birtaniya ta bi sahu a 2011, hukumar rajistar kamfanoni ta Afirka ta Kudu a watan Yulin 2018, Tarayyar Turai kuma ta tsara fara aiki da shi daga rahotannin shekarar 2020, ko da yake ƙasashe da dama sun jinkirta da shekara guda.

A wannan tsari, kowace lamba sai an liƙa mata alama, kamar yadda makiyayi ke yi wa dabba shaida. Alamar na faɗin sunan abin da aka auna, da hukumar ko kamfanin da ya shafa, da lokacin da ake magana a kai, da ma'aunin da aka yi amfani da shi, da kuma iyakar daidaiton lambar. Idan kuɗi ne, ma'aunin Naira ne ko Dala. Idan hannun jari ne, yawan hannayen ne.

Kashi cikin ɗari kuwa ba kuɗi ba ne, don haka ba a liƙa masa Naira. Ana ɗaukarsa a matsayin tsurar lamba, kuma ƙa'idar tsarin ita ce a rubuta shi bayan an raba shi da ɗari. Kashi 7.5 zai shiga a matsayin 0.075, kashi 20.60 a matsayin 0.2060, rubu'in ushirin zakka kuma, wato kashi biyu da rabi, a matsayin 0.025. Cikakken abu, kashi ɗari bisa ɗari, shi ne 1.

A sigar tsarin da ke haɗa rubutun da mutum ke gani da wanda na'ura ke karantawa a shafi ɗaya, mai karatu zai ga 7.5 da alamar kashi kamar yadda ya saba. A ɓoye kuma akwai umarnin da ke gaya wa na'ura ta ja ɗigon baya da gurbi biyu. Idan ma'aikaci ya manta da wannan umarni, na'ura za ta ajiye 7.5 a matsayin kashi 750 cikin ɗari. Idan kuma ya riga ya rubuta 0.075 sannan ya sake ba da umarnin, harajin zai koma ƙasa da kashi ɗaya cikin dubu. A duka biyun, shafin da ido ke gani ba lallai ne ya ja hankalin kowa ba.

Kuskuren ya yi yawan da a Amurka aka sa shi cikin ƙa'idojin tantance rahotanni: na'ura na yin gargaɗi idan ta ga lambar kashi ta haura 10, domin hakan na nufin sama da kashi dubu cikin ɗari. Sai dai wannan tarko ba ya kama komai. Wanda ya rubuta 35 a madadin 0.35 zai faɗa ciki, amma wanda ya rubuta 5 ko 7.5 zai wuce salun alun.

Akwai kuma batun daidaito. Wanda ya taƙaita 20.60 ya mayar da shi 21 don sauƙin faɗi, ya ƙara maki 0.4. A duk Naira tiriliyan ɗaya da aka raba, wannan ɗan bambanci Naira biliyan huɗu ne. Shi ya sa tsarin ke buƙatar a faɗi ko gurbi nawa ne bayan ɗigo za a iya dogara da su.

Ba sai an je Amurka ba kafin a gamu da matsalar. Manhajar Excel da ake amfani da ita a ofisoshin kuɗi tana bin wannan ƙa'ida: tana nuna kashi 7.5, amma 0.075 ta ajiye. Ma'aikacin da ya rubuta 7.5 a gurbi, daga baya ya mayar da gurbin na kashi, zai ga ta nuna masa 750. Idan aka kwashe jadawalin ƙananan hukumomi biyar aka haɗa wuri ɗaya, uku sun bi wannan hanya, biyu sun bi waccan, matsakaicin da za a fitar ba shi da wata ma'ana.

Darasi daga kasuwar Mai'aduwa

Mutanen masarautar Daura ba baƙi ba ne ga irin wannan matsala, ko da ba su taɓa jin sunan XBRL ba. A kasuwar Mai'aduwa, inda fatake daga Jamhuriyar Nijar ke haɗuwa da na Nijeriya, kowa ya san cewa lamba kaɗai ba ta isa ciniki ba.

Bahaushen Damagaram ko Magarya yana ƙirga kuɗin sefa ne da dala, kuma dala ɗaya tamma biyar ce. Idan ya ce ɗari, sefa ɗari biyar yake nufi. Jakarsa sefa dubu ce, alhali jakar mutumin Nijeriya, wadda ta samo asali daga fam ɗari, Naira ɗari biyu ce. Dillalin da bai tambayi da wane ƙirge ake magana ba, zai yi asarar da babu mai biyansa.

A rubuce ma akwai bambanci. Takardar da ta fito daga Nijar, bisa al'adar Faransanci, waƙafi take sawa inda Nijeriya ke sa ɗigo: 7,5 a can shi ne 7.5 a nan. Manhajar da aka saita bisa tsarin Ingilishi na iya ƙin karɓar lambar, ko ta karanta ta ba daidai ba. Layin dogon da ake ginawa daga Kano zuwa Maraɗi ta Daura da Katsina, idan ya kammala, zai ƙara yawan irin waɗannan takardu da ke ƙetare iyaka.

Haka nan malaman zakka sun daɗe da sanin cewa kaso ba ya tsayuwa sai da sharaɗinsa. Ushiri ake fitarwa daga amfanin gonar da ruwan sama ya shayar, rabin ushiri daga wadda aka yi wa ban ruwa da wahala, rubu'in ushiri kuma daga kuɗin da ya kai nisabi ya shekara. Kowane kaso yana tafe da abin da ake fitar da shi daga ciki, da lokacinsa. Abin da tsarin zamani ke nema daga akanta ke nan.

Inda Nijeriya ta kwana

Rabon kuɗi da kaso tsohon al'amari ne a wannan yanki. A farkon ƙarni na ashirin, zamanin Sarkin Katsina Muhammadu Dikko da jami'in mulkin mallaka H. R. Palmer, aka fara tsarin baitulmali a Katsina, daga nan ya bazu zuwa sauran masarautu. Manyan masarautu na riƙe rabin harajin da aka tara, kuma ma'aji na rubuta shiga da fita. Gyaran 1976 ya ɗauke wannan aiki daga hannun hukumomin En'e ya miƙa wa ƙananan hukumomi.

A shekarun baya-bayan nan an yi gyare-gyare da dama da suka tura lissafin gwamnati zuwa kwamfuta. Nijeriya ta rungumi ƙa'idojin lissafin gwamnati na duniya da ake kira IPSAS, aka fara da matakin farko a 2014, mataki na biyu a 2016, ga dukkan matakan gwamnati uku. Tare da su aka fito da jadawalin lambobin asusu na bai ɗaya, wanda ke bai wa kowane kashe kuɗi lambar ma'aikata, da nau'in kashewar, da fannin aiki, da shiri, da asusun da kuɗin ya fito, da kuma wurin da aka yi aikin.

Wannan lamba ta ƙarshe ita ce ta fi shafar masarautar Daura. Idan an cike ta yadda ya kamata, ana iya tambayar na'ura ta fitar da duk abin da gwamnatin jiha ta tsara kashewa a Baure ko Zango, a ga ko kashi nawa ne na kasafin. Idan kuma aka jibge ayyuka a ƙarƙashin lambar da ke nufin faɗin jiha baki ɗaya, kason kowace ƙaramar hukuma zai fito ƙasa da yadda yake, ko ma ya ɓace.

A watan Disamban 2019 gwamnatin Buhari ta buɗe shafin intanet na baitulmalin tarayya, inda ake wallafa manyan kuɗaɗen da aka biya. A matakin jihohi kuma, shirin SFTAS da Bankin Duniya ya tallafa da Dala miliyan 750 a 2018, aka ƙara wasu miliyan 750 a 2020, ya riƙa bai wa jihohi tukuici idan suka wallafa kasafinsu, da rahoton mai binciken kuɗi a kan lokaci, da rahoton aiwatar da kasafi duk bayan wata uku.

Waɗannan matakai sun sa takardun da a da ke kulle a aljihun tebur sun fito fili. Amma yawancinsu kan fito ne a siffar takardar da ido kaɗai ke iya karantawa, wasu ma hoton takarda ne aka ɗauka. Wanda ke son kwatanta su sai ya sake buga lambobin da hannu, kuma a nan ne ɗigo ke sauya gurbi.

Kashi tamanin na wane kasafi?

A rahoton aiwatar da kasafi, layin da ƴan jarida da ƴan siyasa suka fi ɗauka shi ne na ƙarshe, wanda ke nuna ko kashi nawa aka cim ma. Misali na ƙiyasi zai nuna haɗarin da ke ciki.

A ɗauka wata ƙaramar hukuma ta ware Naira miliyan 200 don gyaran asibitocin karkara. A tsakiyar shekara aka yi wa kasafin kwaskwarima, aka rage kuɗin zuwa miliyan 100, aka kashe miliyan 80. Idan aka auna da kasafin da aka gyara, an cim ma kashi 80. Idan aka auna da wanda aka yi wa jama'a alkawari a farkon shekara, kashi 40 ne. Shugaban ƙaramar hukuma zai faɗi ta farko, abokin hamayyarsa ya faɗi ta biyu, kuma babu wanda za a kama da ƙarya.

Haka kuma akwai bambanci tsakanin kuɗin da aka amince, da wanda aka saki, da wanda aka biya ɗan kwangila. Akwai bambanci tsakanin kashi 25 a ƙarshen watan Maris, wanda ke nufin aiki na tafiya daidai, da kashi 25 a ƙarshen Disamba, wanda ke nufin gazawa.

Alkawuran da gwamnatocin Afirka suka ɗauka ma da wannan harshe aka yi su. A Abuja a 2001 an amince a ware wa lafiya aƙalla kashi 15 na kasafi, a Maputo a 2003 kuma kashi 10 ga aikin gona. Ko jiha ta cika alkawarin ko ba ta cika ba, ya danganta ne da abin da aka sa a ƙarƙashin lambar lafiya ko ta noma, da kuma ko kasafin da aka rubuta ake aunawa ko kuɗin da aka kashe.

Abin da ya shafi talaka kai tsaye

Matsalar ba ta tsaya ga ofishin ma'aji ba. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.80 a watan Disamban 2024, sannan ta ba da kashi 24.48 a watan Janairun 2025. Mai sauraro a Sandamu zai iya tsammanin tiyar gero ta sauko. Abin da ya faru shi ne hukumar ta sauya shekarar da take kafa ma'auni a kai daga 2009 zuwa 2024, ta kuma sabunta jerin kayan da take aunawa. Lambobin biyu ba daga mudu ɗaya suka fito ba. Ko da daga mudu ɗaya ne ma, raguwar hauhawa na nufin farashi ya rage saurin tashi ne kawai.

Babban Bankin Nijeriya kuwa yana da nasa ƙirgen. A watan Fabrairun 2024 ya ɗaga kuɗin ruwa daga 18.75 zuwa 22.75, abin da masana harkar banki ke kira ƙarin ƙananan maki 400, domin kowane maki ɗaya suna raba shi gida ɗari. Wanda ya fassara wannan da kashi 400 cikin ɗari ya tayar wa jama'a da hankali a banza.

Manomi ko ƴar kasuwar da za ta karɓi rance ita ce ta fi kowa buƙatar wannan sani. Shirin bai wa manoma rance da Buhari ya ƙaddamar a jihar Kebbi a watan Nuwamban 2015 ya sa ruwan kashi 9 a shekara. Mai ba da bashin da ya ce nasa kashi 5 ne kacal zai yi kama da mai sauƙi, har sai an gano cewa a wata yake nufi. Kashi 5 a wata kashi 60 ne a shekara, idan kuma ruwan na hawa kan ruwa, ya kusa kashi 80.

Abin da ya rage

Gyaran da ake buƙata bai kai tsadar gina sakatariya ba. Duk inda aka rubuta kashi a rahoton ƙaramar hukuma, ya kamata a ajiye lambobin biyu da aka fitar da shi daga cikinsu, a faɗi lokacin da ya shafa, a kuma bambanta maki da kashi. Ofishin babban mai binciken kuɗin ƙananan hukumomi na jiha na da ikon tsayar da fom ɗaya da ƙa'ida ɗaya ga dukkan 34, ta yadda abin da aka rubuta a Zango zai yi daidai da na Funtuwa. Wallafa jadawalin a siffar da na'ura ke karantawa, tare da takardar da aka sa wa hannu, zai rage sake bugawa da hannu.

Masarautar na da inda za a samu masu wannan aiki. Akwai kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya da aka kafa a Daura a 2019, da jami'ar sufuri ta tarayya, da kuma ɗimbin matasa da suka karanci lissafin kuɗi suna neman abin yi. Dokar ƴancin samun bayanai ta 2011, wadda Kotun Ƙoli ta ce a watan Afrilun 2025 ta shafi jihohi ma, ta bai wa ƙungiyoyin ci gaban gari damar neman takardun.

Sai dai ba kowa ne zai yi maraba da gyaran ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma lambar da ba a fayyace tushenta ba na yi wa wasu amfani. Kuskuren ma'aikaci da gangancin mai son ɓoye gaskiya kama ɗaya suke yi a takarda, kuma muddin babu ƙa'idar da ta bambanta su, mai ganganci zai ci gaba da fakewa da kuskure.

An yi zaɓen ƙananan hukumomi a jihar Katsina a watan Fabrairun 2025, don haka akwai zaɓaɓɓun shugabanni da kansilolin da za a iya tambaya. Ranar da ɗayansu ya tsaya gaban jama'a ya ce an aiwatar da kashi tamanin na kasafi, tambayar da dillalin Mai'aduwa ke yi kafin ya sallama ita ce ta dace da shi: da wane ƙirge, kuma daga cikin nawa?